Kukan Motar Auta

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Wannan littafin na motocin da suka ƙi jin magana ne. In mota ta wahalar da ni, sai in rubuta abin da take yi da abin da na yi mata, don kada in maimaita wauta ɗaya sau biyu. Shekara talatin da ɗaya ina kanikanci, motoci goma sha ɗaya kacal suka shiga cikinsa. Yau ta goma sha biyun ta shiga, kuma ta 'yata ce.

Auta ta kawo ta da safe. Ta ce in ta hau tudun da ke bayan gada, gudu tsakanin arba'in da sittin, sai motar ta riƙa fizga, kamar ana jan ta baya ana saki. A kan shimfiɗaɗɗen titi kuwa lafiya lau.

Ni na zaɓa mata ita. Gara in rubuta wannan tun yanzu. Sati biyu da suka wuce na raka ta wurin masu sayar da motocin hannu, aka tayar mini da guda bakwai. Na ɗora doguwar sukundirebata a kan kowane inji, na kafa kunne a ƙotarta, yadda nake yi tun kafin a haife ta. Na ce wannan farar mai atomatik. Dillalin ya ce ko a kawo kwamfuta a jona mata, na ce tawa tana nan, na nuna kunnena, aka yi dariya. Auta ta ce, "In dai Baba ya ce ta yi, ta yi." Abin da ta daɗe tana tarawa ta juye a kai.

Ran ɗaya ga watan gobe za ta fara aikin jinya a ƙaramin asibitin da aka tura ta, can bayan gari, tafiyar kusan awa guda, kuma babu motar haya mai zuwa wurin da sassafe. Saura kwana ashirin da biyu.

A garejin nan Baba Kunne ake ce mini. Ban iya karatun kirki ba, ban tara komai ba, kunnen nan shi ne abin da nake da shi. In ya yi wa 'yata ƙarya, ban san da wane baki zan ƙara ce wa wani ga abin da ke damun motarsa ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na hau tudun da kaina. Tana fizga, Auta ba ta yi ƙari ba. Amma na ji abin da ita ba ta faɗa ba: wani siririn kuka, ziii, ba ya yankewa. Daga ƙasa yake fitowa, ɓangaren giya.

Fizga irin wannan gida biyu gare ta. Ko inji ne yake misin, wato silinda ɗaya tana tsallake wuta, ko kuma giya ce take sulɓewa. Mutane da yawa suna kasa rabe su. Ni ban taɓa kasawa ba.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na fara da mai sauƙi. Na kwance fulogi huɗun. Uku kalarsu daidai, na ukun ya ɗan yi duhu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, duk da haka na sa sababbi gaba ɗaya.

Na bar ta a silo, wato a kunne a tsaye, na riƙa zare koyil, masu ba fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na zare sai injin ya girgiza, ke nan duk huɗun suna ba da wuta. Inji ya fita daga zargi.

Dogo mai wayarin, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya leƙo da kofin shayi a hannu. Shekara goma sha takwas muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin ya shanye shayinsa da zafi ba. Ya karkata kai ya ce, "Yaya, ni kamar ina jin wani tas-tas a saman injin nan in ka taka totur."

Na kafa sukundireba, na saurara. Babu wani tas-tas. Na ce ya je ya ji da wayoyinsa, ya bar wa masu kunne aikin kunne. Ya yi murmushi ya koma.

Na sake hawa tudu. Fizga tana nan, kuka yana nan.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Man giya. Na ɗiga shi a farar takarda: ja ne tas, babu baƙi, babu ƙyallin ƙarfe, babu warin ƙuna. Na shinshina har sau uku.

To in mai yana da kyau haka, me yake kuka? Giyar da take cin kanta ba ta barin mai da tsabta. Kaina ya ɗan ɗaure. Na juye shi duk da haka na zuba sabo, don kada a ce ban yi komai ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tana fizga. Tana kuka.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ba maganar mota ba ce, amma bari in rubuta. Firjin gidanmu ma ya fara wani kuka. Na jawo shi daga jikin bango, na duba bayansa, na sa masa katako a ƙarƙashi. Mamansu Auta ta fito daga kicin ta same ni a durƙushe.

"Me kuma firjin ya yi maka?"

Na ce ba ki jin kukan da yake yi?

"Ni kukan da nake ji a gidan nan na rediyonka ne. Maƙwabta ma sun daina kunna nasu, naka ya ishe su. Sau uku na kira ka daga kicin, ka yi mini kunnen uwar shegu."

Ban ji ta kira ni ba. Mutanen yanzu a cikin hanci suke magana, har ita ta koya. Wayata ma lasifikarta ta fara mutuwa, sai na manna ta sosai kafin in gane abin da ake faɗa. Komai na zamanin nan ba ya ƙarko.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun yi cacar baki da Dogo, abin da ba mu saba ba.

Ya zauna a kujerar direba ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya kira ni. Duk fitilun gaban sitiyari sun kama, ban da ta gargaɗin inji. Ya ce wanda ya sayar da motar ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta, don kada ta tona masa asiri. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a ce ni na lura da shi ranar saye. Ban duba ba, ina can ina saurare.

"Yaya, bari in jona mata kwamfuta. Minti biyar ne. In ba ta nuna komai ba, ka yi ta yi mini dariya har shekara."

Na ce motar 'yata ba za ta sha jonin abin wasan yara ba. Na ce tun yana ɗaure waya da leda nake gane ciwon inji daga bakin ƙofa. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba sai na rubuta ba.

Ya tashi a hankali. Da ya juya baya ya faɗi wata magana, ban kama ta ba. Mai waldan garejinmu yana tsaye, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Da dariya ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na ɗauki Auta muka hau tudun tare, ina tuƙi. Na rufe gilasai, na kashe fanka. Daidai inda take fizga na ce, kin ji?

"Na ji fizgar, Baba."

Na ce ba ita ba, kukan. Ziii ɗin nan.

Ta saurara, har da rufe ido, yadda take ganin ina yi. "Ni abin da nake ji daban ne. Wani tas-tas, kamar ana ƙyasta abin kunna gas. Daga gaba."

Ita ma ke nan. Na ce Dogo ne ya sa mata wannan a kai. Ta ce rabonta da Dogo tun ranar da ta kawo motar. Na ce to Likita, ki tsaya a kan allurarki. Na saba tsokanarta da haka, kullum takan rama. Yau ba ta rama ba. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, irin kallon da na tabbata marasa lafiyarta sun san shi.

Mutum biyu suna jin abin da ba na ji. Ni ina jin abin da ba sa ji. Mota ɗaya ce kuwa.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

An wanke nozul masu fesa fetur cikin inji. Na canja matatar fetur. Na duba duk robobin iska, babu mai huji. Na ɗaure gindin inji. Babu abin da ya canja.

Saura kwana goma sha biyar.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na yanke shawara, zan sauke giyabos, akwatin giyar gaba ɗaya. Kuka siriri mai tsawo irin wannan boris ne, zoben da ƙarafa ke juyawa a kansa, ko famfon mai na ciki. Na ji shi sau ɗari a rayuwata. Boris in ya fara lalacewa yakan yi kuka tun kafin ya ɓata mai, shi ya sa man ya fito da tsabta. Ka ga komai ya zauna daidai.

Dogo bai yi mini magana ba tun Asabar, amma da ya ga na shigar da ita kan rami ina jera sifanu, ya kasa haƙuri.

"Yaya, giyar da take shiga lafiya take fita lafiya? Ta ɗaya, ta biyu, ta baya, duk ba ta gardama. Don Allah ka bari."

Na ce na gode da shawara.

Rubutun da na yi a sama, cewa komai ya zauna daidai, na sake karanta shi. Fizgar fa? Boris ba ya sa mota fizga a tudu kaɗai. Zan gani in na buɗe.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Giyabos ta sauka. Bayana kamar an daka.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na shimfiɗa tsohon zani a kan tebur, na buɗe ta, na jera komai bi da bi yadda ya fito. Farantan kuloci garau, ko alamar ƙuna babu. Famfo garau. Haƙoran giya kamar jiya aka ƙera su. Wanda ya riƙe motar nan a da ya cuce mu a fitila, amma ya kula da giyarsa. Garin zare famfon ma na yaga wata roba da take lafiyarta ƙalau, yanzu sai an nemo sabuwa.

Na wanke boris ɗin, guda shida. Na ɗauki na farko na juya shi kusa da kunnena. Yana kuka. Na ce alhamdulillahi, ga ɓarawon. Na ɗauki na biyu don in kwatanta, shi ma yana kuka. Na uku haka. Duk shidan, kuka iri ɗaya, murya ɗaya.

Boris shida ba sa mutuwa rana ɗaya. Ko yaron da ya fara koyo jiya ya san wannan.

Na aika ɗaya wurin Dogo ta hannun mai walda, na ce ya juya ya ji, kada ya ce daga ni ne. Kamar akwai wani mai buɗaɗɗiyar giyabos a garejin ban da ni. Mai walda ya dawo ya ce Dogo ya ce sabo ma bai fi wannan shiru ba.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ban taɓa komai ba yau. Na zauna ina kallon tebur.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Auta ta zo ba ta sanar ba. Ta ga motarta a kan rami, ciki a fafake, ta ga teburin. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa tana bin ƙananan ƙarafan da kallo, kamar tana ƙirga su.

"Baba, me aka samu?"

Na ce ana kan dubawa.

"Saura kwana goma. In ban je ran ɗaya ga wata ba, wata za su ba gurbin. Sun faɗa mana tun farko."

Sai na hau ta da faɗa. Na ce ko ta ga na kwanta ina barci ne, na ce in ta fi yarda da Dogo ta tura masa motar, na ce tun tana goye nake wannan aikin. A gaban mutane. Ban san da ƙarfi nake magana haka ba sai da na ga masu faci na can bakin titi sun juyo.

Ta zo daf da ni, ta tsaya a gabana sosai, ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ita ce ma take ba ni haƙuri. Da ta tafi na buɗe littafin nan na tarar da wata takarda a naɗe a ciki. Da sunana, da ranar Talata, da ƙarfe goma, da lambar ɗaki. Na mayar da ita inda na same ta.

Na ji kunya ƙwarai. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na zo gareji ni kaɗai, babu kowa ran Lahadi. An ɗauke wuta tun safe, unguwar tsit, ko janareto babu mai tayarwa. Na zauna a bakin rami.

Motar ba ta da batir, na cire shi tun Laraba. Giyabos tana kan tebur gunduwa-gunduwa. Babu abin da ke juyawa a wurin nan.

Kukan yana nan.

Na tashi na zagaya. Na kafa kunne a mitar wuta, a mace take. Na leƙa rumfar Dogo ta jikin langa-langa ko ya bar wani abu a kunne. Na fita har bakin titi, ya biyo ni. Na dawo, ya dawo. Na tuna firji.

Sai na sa yatsu na toshe kunnuwana biyu.

Ya ƙaru.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban fita ba. Na ce wa mamansu kaina ke ciwo. Ta kawo mini shayi, ta zauna a bakin gado ba ta tambaye ni komai ba, abin da ba halinta ba ne. Can ta ce ta goge mini kayan da zan sa gobe. Ban ce mata zan je ko'ina gobe ba.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je asibitin da takardar ta ce.

Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mai kauri a bango, da taga ta gilashi. Matar da ke aikin ta sa mini abin saurare a kai, ta ba ni wani maɓalli, ta ce duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in danna. Ta fita ta rufe ƙofa. Na ce a raina yau za su ga kunne. Ina jin ƙara na danna. Na sake dannawa. Na yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa.

Ta buɗe ƙofa ta leƙo. "Baba, ban fara ba tukuna."

Bayan an gama ta nuna mini wata takarda mai layi biyu, duk sun gangara ta gefen dama kamar tudun bayan gada in ana saukowa. Ta tambayi aikina, na faɗa, ta gyaɗa kai. Ta ce shekarun guduma da inji ne. Ta ce manyan sautuka ina jin su, sirara ne suka tafi, kuma wanda nake ji kullum daga ciki yake, ba daga waje ba. Na ce yaushe za su dawo. Ta fara yi mini bayanin wata na'ura da ake maƙalawa.

Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba, littafin motoci ne.

A hanyar dawowa na riƙa lissafa motocin da na saurara a shekarar nan. Nawa ne na ce wa masu su lafiya lau? Nawa na sa aka kwance? Na tsorata, na daina lissafin.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Na tsaya a bakin rumfar Dogo na kai minti biyar ina gyaran murya. Yana kwance a ƙarƙashin sitiyarin wata mota, ƙafafunsa a waje, ga shayinsa ya huce a kan bonet.

Na ce Dogo, abin wasan yaran nan naka yana nan?

Ya zaro kansa ya dube ni. Na shirya ya rama, yana da hakki. Sai ya ce, "Yana nan, Yaya. Amma ba ya aiki a motar da cikinta ke kan tebur. Mu fara mayar da shi."

Ya ce wa mai motar da yake yi wa aiki ya dawo jibi. Shi ya hau babur ya zagaya shaguna huɗu kafin ya samo robar da na yaga. Ban ba shi haƙurin ranar Asabar ba, na kasa. Na dai sa aka kawo masa shayi mai zafi, ya bar shi ya huce.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Haɗawa. Ni ina jerawa, Dogo yana miƙo mini. Hannuna bai manta komai ba. Ban san ko in ji daɗin wannan ba ko in ji haushi.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Giyabos ta hau. Muka zuba mai, muka mayar da batir, na tayar. Na sa ta baya, ta ƙi motsi. Na ce shi ke nan, na kashe lafiyayyar giya da hannuna, na kashe wa yarinya aiki. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai na ji ta kama a ƙarƙashin kujera. Mai ne bai gama zagayawa ba. Muka ƙara mata, ta daidaita.

Mun dawo inda muke ran tara ga wata, sai dai yanzu saura kwana huɗu.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Dogo ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗora ta a cinya, na tuƙa muka hau tudu. Tana fara fizga ya juyo mini da fuskar na'urar. Silinda ta uku, tana tsallake wuta.

Muka dawo, ya zare koyil na uku, ya kai shi hasken rana, ya murza robar jikinsa. Ga tsaga nan siririya kamar gashi, da farin layin ƙuna a gefenta. A silo wutar tana bin hanyarta, shi ya sa gwajina bai kama shi ba. In mota ta ɗauki nauyi a tudu sai wutar ta tsallake ta tsagar ta bugi jikin inji. Shi ne tas-tas ɗin da kowa yake ji.

Na buɗe shafin ran goma ga wata. Da hannuna na rubuta cewa fulogi na uku ya yi duhu. Idona ya gani, hannuna ya rubuta, na bi kunne.

Canjin koyil bai kai minti goma ba. Dogo ya kuma buɗe gaban sitiyari ya ɓare baƙar ledar da aka liƙe fitilar da ita.

Yana wanke hannu ya ce, "Yaya, giyabos ɗin nan ka wargaza ta ka haɗa, ko noti ɗaya bai yi saura ba. Ni ko shekara aka ba ni ba zan iya ba." Na san lallashi ne. Na kuma san gaskiya ne. Ban san wanne zan ɗauka ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Wani tsohon kwastoma ya shigo da motarsa, ya bar ta a kunne, ya ce, "Baba Kunne, zo ka saurara mini wannan." Na ce hannuna da aiki, ya dawo wani satin.

Lahadi, 29 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na mayar da firji jikin bango.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ta zo karɓar mota. Na ce ita za ta tuƙa, mu hau tudu. Na zauna a gefe na ɗora tafin hannu a gaban motar. Arba'in, hamsin, sittin, ta haye sumul, ko ɗan motsi ban ji a hannuna ba. Kukan kuwa yana nan tare da ni, yadda yake tun daga gida.

A saman tudu ta gangara gefen titi ta tsaya, ta bar injin a kunne. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Baba, ya ka ji ta?"

Bakina ya riga ya buɗe zai ce lafiya lau, don ya saba. Na rufe shi. Na ce ban ji ta ba, Auta. Ba na jin ta. Ke za ki gaya mini.

Ta saurara. Ta taka totur sau biyu, ta saki. "Tas-tas ɗin ya tafi. Lafiyarta ƙalau."

Na ce to na yarda.

Tana maganar ne ina kallon bakinta, sai na lura da yadda ta zauna, ta juya kafaɗa, fuskarta saitin tawa, tana fitar da kowace kalma a hankali. Na ce tun yaushe kike juyo mini da fuska haka in za ki yi magana?

"Tun bara, Baba. Ni da Mama duka."

Na ce to kin sani, me ya sa kika bar ni na zaɓa miki mota da kunne? Duk abin da kika tara fa.

Ta yi 'yar dariya, idonta ya ciko. "Na zo ɗaukarka ranar da niyyar mu biya mu tafi da Dogo. Sai na tarar ka sa sabuwar riga, ka goge sukundireba ka naɗe ta a jarida, kana jirana a ƙofar gida tun kafin lokaci. Ya zan yi?"

Na juya ina kallon taga, na daɗe ban juyo ba. Ita ma ba ta matsa mini ba.

Gobe ƙarfe shida za ta fita, kuma ta gaban gidanmu hanyarta take. Na ce in za ta wuce ta yi mini hon, zan kasance a tsakar gida. Ta ce a'a, in fito ƙofa, za ta ɗaga mini hannu.